Ginin Jami'a: A Auna Rana Da Iska Kafin A Auna Siminti

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta a gaban wani taro na 'yan Arewa mazauna biranen Kudu, a kan yadda ya kamata a riƙa tsara gine-ginen jami'o'in ƙasar nan. An buga shi a wannan shafi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, me ya haɗa mai sayar da goro a Agege, ko fatoman shanu a Bodija, ko ɗan ga-ruwa a Idi-Araba, da zancen ginin jami'a? Dalilai uku ne suka haɗa su. Na farko, jami'ar gwamnati da dukiyar jama'a ake gina ta, kuma duk wanda ya biya haraji ko kuɗin kasuwa yana da haƙƙi a cikin wannan dukiya. Na biyu, yaran da aka haifa a Sabon Ibadan da Shagamu da Anacha da Fatakwal su ne ke kwana a ɗakunan waɗannan jami'o'i, ko kuwa a tura su gida Zariya da Kano da Sakkwato su kwana a irinsu. Na uku, idan aka je wurin da ake gini a Kudu, sau da yawa ɗan Arewa za a tarar yana haƙa harsashi, yana ɗaukar bulo, yana kuma gadin kayan aiki da dare. Wanda ya zuba kuɗinsa da ɗansa da guminsa a cikin abu, ya cancanci ya san yadda ake yin abin.

ABIN DA AKE NUFI DA GINI MAI ƊOREWA

Masana tsara gine-gine suna yawan ambaton gini mai ɗorewa a wannan zamani, kuma abin da suke nufi ya wuce ƙarfin bango. Gini mai ɗorewa shi ne wanda ya cika sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, mutum ya iya zama a cikinsa ya yi karatu ko da an ɗauke wutar lantarki. Na biyu, kuɗin riƙonsa na wata-wata, wato na wuta da ruwa da gyara, kada ya fi ƙarfin mai shi. Na uku, yawancin kayan da aka yi shi da su su fito daga kusa, yadda magina da kafintocin wurin za su iya gyara shi in ya lalace. Na huɗu, kada ya gurɓata ƙasa da ruwa da iskar da na baya za su gada.

Jami'a ta fi kowace ma'aikata bukatar waɗannan sharuɗɗa, domin ana gina ta ne da niyyar ta shekara ɗari tana aiki. Kuɗin gini sau ɗaya ake biyansa, amma kuɗin riƙo ana biyansa kowane wata har ranar da ginin zai faɗi. A shekarar 1962 jami'o'i biyar ne kacal a Nijeriya: Ibadan, Nsukka, Ife, Ikko da Zariya. Yau, idan aka haɗa na Tarayya da na jihohi da masu zaman kansu, sun haura 250, kuma ba a daina aza sababbin harsasai ba. Saboda haka kuskuren da aka yi a takardar zane guda ɗaya yana iya maimaituwa a wurare ɗari.

ƘASA ƊAYA, YANAYI BIYU

Babu wanda ya kai ɗan Arewa mazaunin Kudu sanin bambancin yanayin ƙasar nan, domin shi da fatar jikinsa ya karanta shi. A Sakkwato ko Maiduguri, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, amma busasshen zafi ne, kuma in dare ya raba gari yakan yi sanyi. Shi ya sa maginan Hausa suka zaɓi bangon ƙasa mai kauri. Bangon yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya isa cikin ɗaki sai bayan awoyi da yawa, lokacin da mutanen gida sun riga sun fito tsakar gida shan iska. Sun ƙanƙanta taga saboda ƙurar hunturu da hasken rana, sun kuma yi rufin soro da azara da indararo, domin ruwan da ke sauka bai fi ƙarfinsa ba.

A Ikko da Fatakwal da Kalaba kuwa, ma'aunin zafi ba ya hawa kamar na Arewa, amma iskar cike take da laima. Gumi ba ya bushewa a jiki, kuma dare bai fi rana sanyi da yawa ba. A nan kaurin bango ba ya magani. Maganin shi ne iska ta ratsa ɗaki, ta shiga ta wannan taga ta fita ta waccan. Ana kuma bukatar rufi mai gangara wanda bakinsa ya sauko ya kare bango, domin ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya wuce milimita 2,000, wato ya ninka na Sakkwato fiye da sau uku.

Akwai ƙa'ida guda da Kudu da Arewa suka yi tarayya a cikinta. Da tsakar rana, rana tana bisa kai, baranda ko bakin rufi ya isa ya tare ta. Amma da hantsi da la'asar tana ƙasa-ƙasa, tana shigowa kai tsaye ta gabas da yamma. Don haka gini mai tsawo ya kamata dogayen bangayensa su fuskanci kudu da arewa, gajerun su fuskanci gabas da yamma. Wannan shawara ba ta cin ko kwabo, a kan takarda ake yanke ta, amma ita ce ke raba ajin da ake iya zama a cikinsa da ajin da ya zama tanda. Daga nan za a gane cewa babban kuskure ne a ɗauki zane ɗaya a gina shi a Kalaba, a kuma gina shi a Sakkwato.

DARASIN IBADAN

Waɗanda ke zaune a Ibadan ba sa bukatar tafiya mai nisa kafin su ga misali. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a watan Janairu na 1948 da ɗalibai 104, a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele. A ranar 17 ga Nuwamba na wannan shekara aka yi bikin fara aiki a mazauninta na dindindin, a filin da sarakunan Ibadan suka bayar. Aka damƙa aikin zane a hannun wasu Turawan Ingila guda biyu, mata da miji, Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka riga suka yi shekaru suna zana makarantu a Afirka ta Yamma.

A wancan lokaci na'urar sanyaya ɗaki ba ta yaɗu ba, wutar lantarki kuma ba ta wadata ba, saboda haka dole ginin da kansa ya yi aikin fanka. Babban ɗakin karatun jami'ar, wanda aka kammala a tsakiyar shekarun 1950 kuma yanzu ake kira da sunan Kenneth Dike, shi ya fi nuna dabarar. Dogo ne marar faɗi, yadda iska za ta iya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. A gabansa an yi wani bango na kankare mai huji-huji kamar rariya, wanda ke tare rana ya bar iska da haske su wuce. Haka aka yi wa gidajen kwanan ɗalibai na farko, irin su Mellanby da Tedder da Kuti: jerin ɗakuna da baranda, da fili da itatuwa a tsakani. A 1956 Fry da Drew suka wallafa littafi a kan gini a ƙasashe masu zafi da laima, wanda ɗaliban zanen gini suka daɗe suna karantawa a ƙasashe da dama.

Ba za a ce aikinsu ba shi da aibi ba. Gini ne na zamanin mulkin mallaka, ya dogara da siminti da rodi waɗanda a lokacin daga ƙetare ake shigo da su, kuma masu zanen ba su ɗauki abin kirki daga ilimin maginan ƙasar ba, in ban da ado. Duk da haka, bayan shekaru kusan saba'in, gine-ginen suna nan tsaye ana amfani da su. Ɗan Arewan da ya shiga harabar jami'ar, ko don ziyartar ɗansa a gidan kwana na Sultan Bello, wanda aka buɗe a 1962 da sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana iya tsayawa a inuwar waɗannan barandu ya gwada da kansa.

DARASIN IFE

Misali na biyu yana Ile-Ife. Gwamnatin Jihar Yamma ce ta kafa Jami'ar Ife, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Obafemi Awolowo a 1987. Babban mai zanenta shi ne Arieh Sharon, mutumin Isra'ila wanda ya yi karatu a makarantar Bauhaus ta Jamus, kuma ya yi aikin tare da ɗansa Eldar da masana 'yan Nijeriya, cikinsu har da A. A. Egbor. An shafe wajen shekara ashirin ana aikin, daga farkon shekarun 1960.

Wanda ya ga gine-ginen sashen adabi da tarihi na wannan jami'a ba ya mantawa da su, domin kamar an kifar da dala suke. Kowane hawa na sama ya fi na ƙasansa faɗi, saboda haka bene na uku yana yi wa na biyu inuwa, na biyu yana yi wa na ɗaya, kuma ruwan sama ba ya dukan taga. An bar sarari a ƙasa da tsakiyar gine-ginen domin iska ta zagaya, an kuma haɗa su da hanyoyi masu rufi yadda ɗalibi zai tashi daga wannan aji zuwa wancan rana ba ta gasa shi ba, ruwa bai jiƙa shi ba. A shekarar 2020 Gidauniyar Getty ta Amurka ta ba jami'ar tallafi domin tsara yadda za a adana waɗannan gine-gine, abin da ke nuna darajarsu a idon duniya.

INDA AKA SAKI HANYA

Idan an san wannan ilimi tun shekarun 1950, yaya aka yi aka bar shi? Kuɗin man fetur ne ya kawo sakaci. Bayan tashin farashin mai a 1973, aka shiga gine-gine ba ji ba gani. A 1975 kaɗai Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai: Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Dattawan da suka yi dako a tashar jiragen ruwa ta Apapa suna tune da abin da ya faru a wannan shekara, sa'ad da hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu.

Tun daga wancan zamani wani tunani ya kafu, cewa ci gaba shi ne gini ya yi kama da na Landan ko Niyok. Aka fara lulluɓe ofisoshi da gilashi, aka toshe barandu aka mai da su ɗakuna, aka sare itatuwa don ajiye motoci. Gilashi kuwa a ƙasar sanyi aka ƙirƙiro yawan amfani da shi, inda ake neman rana ta shigo ta ɗumama ɗaki. A nan, rana tana shiga ta cikinsa zafinta ya kasa fita, sai ɗakin ya zama kamar motar da aka rufe a rana. Daga nan dole a sa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma dole a ba ta wuta, in babu wuta dole a ta da janareto, janareto kuma dole ya sha man dizal. Haka ake ɗaura wa jami'a bashin da za ta yi ta biya tun ranar da aka yanke zaren buɗe ginin.

KUƊIN DA AKE BIYA

Wannan bashi ya fito fili a shekarar 2024. A watan Afrilu hukumar da ke kula da farashin lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kowane ma'auni, ko da yake an ɗan sassauta daga baya. Manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa da yawa suka faɗa cikin wannan rukuni. A watan Yuli ɗaliban Jami'ar Benin suka tare babbar hanya saboda zaman duhu, har aka rufe makarantar na wani lokaci. A watan Agusta aka yanke wa Jami'ar Ikko wuta saboda bashi. A watan Oktoba aka yanke wa Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya shafe fiye da kwana ɗari a haka.

Wane ne ke ɗaukar wannan nauyi daga ƙarshe? Kuɗin da ya kamata a sayi littattafai da kayan gwaje-gwaje ya tafi ga dizal. Hukumar jami'a ta ƙara kuɗin makaranta. Ɗan mai kuɗi ya kama ɗaki a cikin gari ya sayi janareto, ɗan talaka kuwa ya kwana a ɗakin da aka gina don mutum huɗu amma mutum takwas ke ciki, ga zafi ga sauro, gobe kuma su zauna jarrabawa ɗaya. Ta nan zanen gini ya zama maganar adalci.

GININ ƘASA BA ALAMAR TALAUCI BA NE

Akwai kuma maganar kayan gini. Masana sun ƙiyasta cewa masana'antun siminti su ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin da ɗan Adam ke turawa sama mai ɗumama duniya. Ɗumamar duniya kuwa tana da hannu a cikin fari da ambaliya, waɗanda suka raba manoma da makiyaya da yawa da gidajensu suka zo neman abinci a Kudu. Ba a ce a daina amfani da siminti ba, domin harsashi da ginshiƙi da bene suna bukatarsa. Abin da ake nema shi ne a rage shi a inda ƙasa za ta iya tsayawa a madadinsa.

Hanyar yin haka sananniya ce. Ana tankaɗe jan ƙasa, a gauraya ta da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a danne ta da inji ta zama tubali mai kusurwa, a bar shi ya bushe ba tare da an gasa shi da itace ba. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki a kan irin wannan tubali da injinan buga shi. A Kudu ma yana yiwuwa, muddin an ɗaga harsashi da dutse ko kankare, an kuma sauko da bakin rufi ya kare bango daga ruwa. Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya gwada haka a Ibadan: ya gina ma'aikatarsa ta fasaha da bulon jan ƙasa da siminti, ya kuma zana majami'ar Dominikan da ke kusa da jami'a a shekarun 1970, da dabarun shigar da iska da haske. A 2023 aka ba shi lambar girmamawa ta Zinariyar Zaki a babban baje kolin gine-gine na Benis a ƙasar Italiya.

A maƙwabta ma akwai shaida. A Kudugu ta Burkina Faso, Francis Kéré ya zana wata kwalejin fasaha da aka kammala a 2020. Bangayenta na ƙasar wurin ne da aka gauraya da siminti aka zuba a cikin allo, an kewaye su da shingen itacen turare don inuwa, an bar kafofi a rufi don iska mai zafi ta fice, ruwan sama kuma ana tara shi a tanki ƙarƙashin ƙasa ana ba itatuwan mangwaro. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fage. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, garin Hausawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa dannanne a 2018, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Abin kunya ne a ce ilimin da duniya ke ba lambar yabo, jikokin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, su ne ke raina shi.

RUWA, RANA DA ITATUWA

Rufin jami'a dukiya ce da ake bari tana zubewa. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin gidan kwanan ɗalibai mai faɗin murabba'in mita 1,000, a garin da ke samun ruwa milimita 1,200 a shekara kamar Ibadan, yana karɓar lita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. 'Yan ga-ruwa sun san abin da wannan ke nufi: jarka 48,000 ce mai cin lita 25. Amma sai a bar ruwan nan ya kwarara ya cinye hanya ya cika kwalbati, da rani kuma ɗalibai mata su yi layi da bokiti a bakin rijiyar burtsatse.

Haka ma hasken rana. A watan Agusta na 2019 aka buɗe tashar lantarki mai amfani da hasken rana ta megawat 2.8 a Jami'ar Tarayya ta Ndufu-Alike a Jihar Ebonyi, a watan Satumba kuma aka buɗe ta megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, duka a ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Wannan mataki ne mai kyau. Sai dai a tuna batir yana da iyakar shekarunsa, faifan rana yana bukatar shara musamman da hunturu, kuma in ginin mai haɗamar wuta ne, babu yawan faifan da zai ƙosar da shi. Tsari mai kyau shi ne a fara rage bukata ta hanyar zane, sannan a nemo wutar da za ta biya abin da ya rage.

Itace kuwa shi ne na'urar sanyaya wuri mafi arha. Darbejiya da maɗaci da mangwaro suna rage zafin bango da na ƙasa, suna tare ƙura, suna kuma ba ɗalibi wurin bitar karatu. Ɗan kwangilar da ya fara aiki da share fili ƙaf da katafila ya ɓarnatar da inuwar shekara hamsin cikin yini ɗaya. Haka nan a wurare irin su Akoka, inda Jami'ar Ikko take a bakin ruwa, fadama ita ce ke shanye ambaliya, wanda ya cike ta da yashi ya tura ruwan ne zuwa gidajen maƙwabta.

GYARA SHI NE RABIN GINI

Bahaushe ya san cewa gidan ƙasa yaɓe ke riƙe shi, kowace shekara kafin damina ake dubawa. Ginin kankare ma haka yake, sai dai shi ɓarnarsa a ɓoye take: ruwa ya kwanta a rufi, ya ratsa, rodi ya yi tsatsa, kankare ya tsage. Ruftawar wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya a watan Agusta na 2023, wadda ta jawo asarar rayuka, Allah ya jiƙansu, ta tuna wa kowa cewa tsohon gini komai darajarsa yana bukatar masana su riƙa duba shi. Matsalar jami'o'i ita ce sabon gini yana da bikin buɗewa da allon suna, gyaran magewayi da famfo kuwa babu mai zuwa ɗaukar hoto. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya gina ɗakunan lacca da yawa a faɗin ƙasar nan. Abin da ya dace shi ne kowane gini ya zo da kasafin gyaransa a rubuce. Sau da yawa ma, gyara tsohon gini ya fi rusa shi a sake sabo arha da amfani.

ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU NEMA

Na ɗaya, kada a amince da zanen ginin jami'a sai an nuna yadda zai yi aiki da rana ba tare da wutar lantarki ba, in ban da ɗakunan gwaje-gwaje da na kwamfuta waɗanda dole sai da sanyi. Na biyu, a tilasta bin ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine wadda Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, kuma a fara da gine-ginen gwamnati. Na uku, kafin a ba da kwangila a bayyana wa jama'a kuɗin gini tare da ƙiyasin kuɗin riƙonsa na shekara ashirin. Na huɗu, a ware wani kaso na bangaye da daɓe da rufi don kayan da ake samu a yankin, a kuma horar da birkiloli da leburori a kan aikinsu, a ba su takardar shaida, yadda wanda ya shigo aiki yana lebura zai fita yana magini. Na biyar, kowane sabon gidan kwanan ɗalibai ya zo da tankin ruwan sama da itatuwansa. Na shida, jami'o'in da ke koyar da zanen gini, irin su ta Zariya wadda ita ce uwa a wannan fanni, a ba malamansu da ɗalibansu dama su auna gine-ginen harabarsu su faɗi gaskiyar abin da suka gani.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin gwamnati, kuma yawancinsu rage kashe kuɗi suke yi. Jam'iyyar da ta ce don talakawa take, a irin wannan wuri ake gane ta, domin ɗan talaka ne ke kwana a ɗakin da aka zana ba da tunani ba. Idan lokacin zaɓe ya zo, 'yan takara za su shigo Sabo da Agege da Obalende da alkawarin kafa sabuwar jami'a. Ya kamata shugabannin jama'a su tambaye su: ina ginin zai fuskanta, da me za a yi shi, wa zai yi aikin, nawa zai riƙa ci a wata, kuma wa zai gyara shi bayan shekara goma? Iyayen da ke da 'ya'ya a jami'a su ma su riƙa shiga suna ganin inda yaran ke kwana, su kai ƙorafinsu ga hukuma ta hannun ƙungiyoyinsu cikin lumana.

Allah ya shiryi shugabanni, ya albarkaci karatun yara, ya ba ƙasar nan zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.